Darasi: Tsarin Ƙwayar Bakteriya da Aikin Sassanta

Bakteriya halitta ce mai rai wadda duk jikinta ƙwaya ɗaya ce tak. A cikin wannan ƙwaya guda take cin abinci, ta girma, ta kare kanta, ta kuma hayayyafa. Jikin mutum da na saniya da na bishiyar kuka an gina su ne da ɗimbin ƙwayoyin halitta, kowane rukuni da aikinsa: na jini dabam, na ƙashi dabam, na saiwa dabam. Ita kuwa bakteriya ba ta da abokin rabon aiki. Duk abin da rayuwa ke buƙata yana cikin ɗan ƙunshin nan da ido ba ya gani.

Ana samun ta a ƙasar gona, da ruwan rijiya, da ƙurar hunturu, da fatar mutum da hanjinsa. Mafi yawan ire-irenta ba sa cutar da kowa, wasu ma amfaninsu ba ya misaltuwa. Kaɗan daga ciki ne ke kawo kwalara, taifot, tarin fuka, sanƙarau, mashaƙo da kuturta. Wanda ya san yadda aka gina ƙwayar zai gane dalilin da ya sa kilishi ke daɗewa bai lalace ba, da yadda magani ke kashe ƙwayar cuta a cikin jiki ya bar mai jikin da ransa.

Yadda aka gano ta

Mutumin da ya fara ganin bakteriya wani ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Antonie van Leeuwenhoek. Da hannunsa yake gyara 'yan mitsi-mitsin gilasai masu ƙara girman abu. A 1676 ya rubuta wa ƙungiyar masana kimiyya ta Landan cewa ya ga wasu ƙananan halittu na yawo a cikin ruwa, a 1683 kuma ya gan su a cikin dattin da ya kankaro daga haƙoransa.

An yi kusan shekara 200 kafin a tabbatar da alaƙarsu da cuta. Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke sa abin sha ya yi tsami ko ya lalace. Robert Koch na Jamus kuma ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. Sassan cikin ƙwayar ba su fito sosai ba sai bayan da aka ƙera madubin bincike mai aiki da lantarki a shekarun 1930.

Girma da siffa

Ana auna bakteriya da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Bakteriyar hanji mai suna Escherichia coli, wadda masana suka fi nazari a kanta, tsawonta kamar maikuromita 2 ne. Sai an jera 500 kafin su cika milimita ɗaya a kan rula. Jar ƙwayar jinin mutum, mai faɗin maikuromita 7 zuwa 8, ƙatuwa ce idan aka ajiye ta kusa da ita.

Ƙanƙantar nan tana da amfani. Bakteriya ba ta da baki, ba ta da jijiya. Abinci ta jikinta yake ratsawa ya shiga. Da yake daga fata zuwa tsakiya ba nisa, abin da ya shiga nan take yake isa inda ake buƙatarsa, shi ya sa take saurin girma.

Siffofinta manya uku ne. Akwai masu kama da ƙwallo, waɗanda wasu ke zama bibbiyu kamar ƙwayar sanƙarau, wasu su jeru kamar carbi, wasu su cure wuri ɗaya kamar masu kawo maruru. Akwai masu kama da sanda, irin ƙwayar taifot da ta tarin fuka. Akwai kuma lanƙwasassu da murɗaɗɗu: ƙwayar kwalara kamar waƙafi take, ta tunjere kuwa kamar zaren da aka murɗa.

Bango

Kusan kowace bakteriya tana da bango mai ƙarfi kewaye da ita. An yi shi da wani sinadari mai suna feftidogilaikan: dogayen zaruruwa na sukari da aka ɗaure juna da gajerun igiyoyi na sinadaran da ake gina furotin da su. Saƙa ce irin ta raga, guda ɗaya, ta lulluɓe ƙwayar duka.

Babban aikin bango shi ne hana ƙwayar fashewa. Cikin bakteriya cike yake da narkakkun sinadarai, saboda haka ruwan waje kullum ƙoƙarin kutsawa ciki yake yi. Misalinsa ƙwallon ƙafa ne: robar ciki na son kumbura, fatar waje na riƙe da ita. Idan fatar ta yage, robar sai ta ɓullo ta fashe. Bangon ne kuma ke ba ƙwayar siffarta.

Ƙwayoyin jikin mutum ba su da bango ko kaɗan, kuma a kan wannan bambanci aka gina maganin fenisilin. Alexander Fleming ya gano shi a Landan a 1928, lokacin da ya lura cewa wata fumfuna ta hana bakteriya girma kusa da ita a farantin gwaji. Fenisilin da danginsa, irin su amfisilin da amoksisilin, suna hana ɗaurin igiyoyin bango. Ƙwayar da ke girma sai bangonta ya yi rauni, ruwa ya cika ta, ta fashe. Jikin mutum shi ma yana da makami irin wannan: a cikin hawaye da yawu da nonon uwa akwai sinadarin laisozaim, mai datse zaruruwan bangon.

A 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da hanyar rini wadda har gobe ake amfani da ita a ɗakunan gwaji na asibitoci. Ana shafa majina ko mugunya a kan gilashi, a zuba rini shunayya, a bi da aidin, a wanke da sifirit, sannan a zuba jan rini. Masu kaurin bango suna riƙe rinin farko, su fito shunayya. A cikinsu akwai ƙwayar mashaƙo da masu kawo maruru. Masu siririn bango kuwa rinin farko wankewa yake yi, su fito ja-ja. A cikinsu akwai ƙwayoyin kwalara, taifot, sanƙarau da ciwon sanyi. Waɗannan na biyu suna da ƙarin tantani mai maiƙo a bayan bangon, wanda ke tare magunguna da yawa. A jikinsa kuma akwai wata guba da ke haddasa zazzaɓi mai zafi da faɗuwar bugun jini idan ta yawaita a jini. Cikin 'yan mintoci wannan rini yake nuna wa likita ɓangaren da zai nemi magani.

Akwai waɗanda suka fita dabam. Bangon ƙwayar tarin fuka da ta kuturta yana da kauri da wani abu mai kama da kakin zuma, wanda ke sa su jure bushewa, su kuma yi wuyar ratsawa ga magani. Akwai kuma dangin Mycoplasma da ba su da bango sam. Ɗaya daga cikinsu ce ke kawo ciwon huhun shanu da makiyaya suka sani. Fenisilin ba ya taɓa su, domin babu bangon da zai rusa.

Tantani

A ƙarƙashin bango akwai tantani siriri, mai ninki biyu na maiƙo, da furotin iri-iri a dashe cikinsa. Bango raga ce da ƙananan abubuwa ke wucewa. Tantani shi ne mai tsaron ƙofa. Wasu furotin ɗinsa na jawo sukari da gishirin da ƙwayar ke so, wasu na tura shara da guba waje, wasu kuma na jin abin da ke faruwa a kewaye.

A nan ne kuma ake samar da kuzari. Ƙwayoyin mutum suna da wasu 'yan ɗakuna na musamman, maitokondiriya, da ake ƙona abinci a ciki. Bakteriya ba ta da su, tantaninta ne ke wannan aiki.

Dabarun adana abinci da yawa a kan tantani suke aiki. Ruwa kan ratsa tantani ya nufi inda gishiri ko sukari ya fi yawa. Idan bakteriya ta faɗa cikin zuma ko kan naman da aka barbaɗe da gishiri, ruwan jikinta sai ya tsiyaye, ta yamushe, ta kasa girma. Shanya kilishi da kuɓewa da tumatir a rana manufarsa ke nan: a hana ƙwayar ruwa. Sabulu kuma yana wargaza maiƙon tantanin wasu, sauran ya ɓamɓare su daga fata ruwa ya tafi da su.

Ruwan ciki da raibosom

Cikin ƙwayar cike yake da wani ruwa mai kauri, saitofilazim, wanda kusan kashi 70 cikin 100 nasa ruwa ne. A ciki ake narkar da abinci a kuma harhaɗa kayan gini. Wasu bakteriya kan tara abinci a dunƙule, ya zama musu rumbu saboda lokacin rashi.

A warwatse cikin ruwan akwai dubban 'yan ƙwayoyi masu suna raibosom. Su ne masaƙar furotin: suna karɓar umarni daga sinadarin gado, su jera ƙananan sinadarai ɗaya bayan ɗaya har furotin ya kammala. Idan suka tsaya, komai ya tsaya. Mutum ma yana da raibosom, amma na bakteriya ya fi ƙanƙanta, ƙirarsa kuma dabam ce. Magunguna irin su tetirasaikilin, jentamaisin, eritiromaisin da sitireftomaisin suna maƙale wa na bakteriya su hana shi aiki. Sitireftomaisin, wanda aka gano a Amurka a 1943 daga wata bakteriyar ƙasa, shi ne maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka.

Sinadarin gado

Duk umarnin gina ƙwayar da gudanar da ita yana rubuce a cikin sinadarin gado, DNA. A jikin mutum da dabba da tsiro, DNA na killace a cikin cibiya mai tantaninta. Bakteriya ba ta da cibiya. Wannan ne babban abin da ya raba ta da su. Nata DNA galibi zare ɗaya ne da bakinsa biyu suka haɗu kamar zobe, a cukuikuye a tsakiyar ruwan ciki. Na Escherichia coli yana da haruffan gado kimanin miliyan 4.6 da umarni fiye da 4,000. Da za a miƙar da shi, zai kai milimita ɗaya da rabi, wato ya ninka tsawon ƙwayar sau ɗaruruwa. Akwai furotin da ke naɗe shi da warware shi, kuma su maganin sifurofuloksasin ke kai wa hari.

Ban da babban zoben, bakteriya da yawa na ɗauke da ƙananan zobba, filasmid. Ƙwayar na iya rayuwa ba su, amma sukan ba ta ƙarin iyawa, kamar yin guba ko jure magani. Ƙwaya ɗaya na iya miƙa wa wata kwafin filasmid ɗinta, ko da ba irinsu ɗaya ba. Masana sun mayar da wannan abin amfani: sukan dasa umarnin yin insulin na mutum a cikin filasmid, bakteriya ta riƙa samar da shi. Tun 1982 masu ciwon sukari ke amfani da insulin da aka samu ta haka.

Riga, gashi da bulala

Wasu bakteriya na da riga mai santsi, galibi ta sukari, a bayan bango. Rigar na hana su bushewa, tana kuma sa su suɓuce wa fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye baƙon abu. Ƙwayar sanƙarau, Neisseria meningitidis, misali ce da ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin arewacin Nijeriya da Nijar suna cikin yankin sanƙarau na Afirka, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. Cutar kan tashi da rani, ta lafa idan damina ta sauka. A annobar 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu.

Da irin sukarin rigar ake rarraba ƙwayar zuwa rukunoni, waɗanda suka fi cutarwa su ne A, B, C, W, X da Y. Allurar rigakafi ma daga rigar ake yin ta: a ɗebi sukarin a haɗa da wani furotin, jiki ya koyi gane shi tun kafin cutar ta zo. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Nijeriya kuma a 2011, ta karya lagon rukunin A. Amma da yake kowane rukuni da irin rigarsa, rukunin C ya ɓarke a Nijar a 2015, sannan a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga rukunoni biyar.

Akwai kuma gajerun gasusuwa da bakteriya ke manne wa abu da su. Da su ƙwayar ciwon sanyi ke riƙe hanyar fitsari, fitsari ya kasa wanke ta. Idan ƙwayoyi suka manne wuri ɗaya sukan lulluɓe kansu da yauƙi su zauna a tare. Dattin da ke taruwa a gindin haƙori da santsin da ake ji a cikin randar da ta daɗe ba a wanke ba duk irin wannan zama ne. Kurkura kawai ba ta fitar da shi, sai an goga da asuwaki ko soso.

Masu tafiya kuwa suna da bulala, dogon zare murɗaɗɗe da ya fito waje. A gindinta, cikin tantani, akwai wani ɗan inji da ke juya ta kamar farfelar jirgin ruwa, sau 100 ko fiye a daƙiƙa ɗaya. Ƙwayar kwalara bulala ɗaya gare ta a ƙarshenta, ta taifot kuwa tana da su ko'ina a jiki. Tafiyar tana da manufa: idan ƙwayar ta ji abinci na ƙaruwa sai ta ci gaba, in ta ji yana raguwa sai ta wuntsila ta sauya hanya.

Ƙwayar barci

Dangin Bacillus da Clostridium suna da wata dabarar tsira. Idan abinci ya ƙare, ƙwayar kan kwafi DNA ɗinta, ta tsotse ruwan da ke tare da shi, ta naɗe shi cikin ɓawo mai tauri. Wannan ƙwayar barci ba ta ci, ba ta girma, amma tana jure rana da bushewa har da tafasa, tana kuma iya shekaru a ƙasa. Da zarar ta sami wuri mai daɗi sai ta farka.

Haka ƙwayar tetanus, cutar da ke sarƙe haƙora ta sandarar da jiki, take zama cikin ƙasa da kashin dabbobi. Idan ta shiga rauni mai zurfi da iska ba ta kaiwa, ko cibiyar jariri da aka yanke da reza marar tsabta, sai ta farka ta fara zuba guba. Wannan ne dalilin yi wa mata masu juna biyu allurar tetanus, da dagewa a kan sabuwar reza da barin cibiya a tsabtace. A asibiti kuma ana dafa kayan tiyata cikin tukunyar tururi mai matsi, a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, domin tafasasshen ruwa ba ya wuce digiri 100.

Hayayyafa da cin abinci

Bakteriya ba ta da namiji da mace. Takan kwafi DNA ɗinta, ta ƙara tsawo, ta gina sabon bango a tsakiya, ta rabu biyu. Escherichia coli, in ta sami abinci da ɗumi, kowane minti 20 take rabuwa. Ɗaya za ta zama 8 cikin awa guda, ta wuce biliyan ɗaya cikin awa 10 idan ba abin da ya tare ta. Saboda haka ne miyar da ta kwana a zafi ba a ɗumama ta ba ke wayewa da tsami. Ƙwayar tarin fuka kuwa awa 15 zuwa 20 take ɗauka, kuma jinkirin nan na daga cikin dalilan da suka sa maganinta ke kai wata 6.

Hanyoyin cin abincinsu ne tushen amfaninsu. Mai yin kindirmo kan zuba ɗan tsohon nono cikin dafaffiyar madara. Ƙwayoyin da ke ciki su ci sukarin madarar, su mayar da shi tsami, tsamin ya daskarar da ita ya kuma hana miyagun ƙwayoyi girma. A daddawa, Bacillus subtilis ce ke narkar da furotin ɗin dafaffiyar kalwa cikin kwanakin da take rufe, har ƙamshin ya fito. Wanda ya tumɓuke gyaɗa ko wake zai ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwar, masu ja-ja a ciki idan aka fasa. Gidajen bakteriya ne masu ɗaukar naitirojin daga iska su mayar da shi taki. Manomin da ke haɗa gero da wake a gona da su yake cin moriya. A hanjin mutum ma akwai masu taimakon narkar da abinci da samar da bitamin K.

Iyakar magani

Kowane maganin kashe bakteriya wani sashe nata yake nufa, kamar bango, raibosom, ko kwafar DNA. Ƙwayar bairas, mai kawo mura da ƙyanda da shan inna, ba ta da bango, ba ta da raibosom, don haka waɗannan magunguna ba sa yi mata komai. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ita ma ba bakteriya ba ce, maganinta dabam.

Bakteriya kuma tana iya sauya sashen da ake hari. Wata ta samar da sinadarin da ke datse fenisilin, wata ta dasa famfo a tantaninta mai fitar da magani waje, wata ta ɗan canza ƙirar raibosom ɗinta. Duk lokacin da aka sha magani ba bisa ƙa'ida ba, ko aka ɗura wa kaji da shanu barkatai, masu rauni ne ke mutuwa, masu juriya su rage su hayayyafa, su kuma rarraba filasmid ɗinsu ga wasu. An ƙiyasta cewa a 2019 wannan juriya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya. Kariyar ita ce a sha maganin bisa umarnin likita, a adadin da ya faɗa da tsawon kwanakin da ya yanka, a kuma rage buƙatarsa tun farko ta hanyar tsabtataccen ruwa, wanke hannu da sabulu, da allurar rigakafi.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu ne suka bambanta ƙwayar bakteriya da ƙwayar jikin mutum?
2. Me ya sa fenisilin ke fasa bakteriya amma ba ya fasa ƙwayoyin mutum?
3. Ta yaya gishiri da zuma da shanyawa ke hana abinci lalacewa?
4. Me ya sa allurar rukunin A ba ta hana ɓarkewar sanƙarau na rukunin C ba?
5. Wace alaƙa ce ke tsakanin ƙwayar barci da tsabtar cibiyar jariri?
6. Idan ƙwaya ɗaya na rabuwa kowane minti 20, nawa za ta zama bayan awa 2?
7. Me ya sa maganin kashe bakteriya ba ya warkar da mura?